Yadda nake yanka kalmar Italiyanci gaɓa-gaɓa kafin in furta ta

Ana yawan cewa Italiyanci yadda aka rubuta shi haka ake karanta shi. Akwai gaskiya a maganar, amma ba ta cika ba. Rubutun yana nuna baƙaƙe da wasula kusan ba ha'inci, sai dai yana ɓoye abu biyu da kunnen mutumin Italiya ya fi kula da su: gaɓar da ake danna murya a kanta, da wasalin da ake ja. Duka biyun ba sa bayyana sai an yanka kalmar gaɓa-gaɓa. Shi ya sa duk sabuwar kalmar da ta zo gabana, ko daga takardar ofis ko daga allon tashar jirgin ƙasa, ba na bari baki ya taɓa ta sai fensir ya gama da ita.

Nakan fara da zagaye haruffan da suke biyu ko uku a ido amma sauti ɗaya ne a baki, irin sh da ts da ky na Hausa da ba mai raba su. Harafin c idan e ko i na biye da shi, c ɗinmu ne sak, na "ciki" da "cefane": cena (abincin dare), cinque (biyar). Gaban a, o, u kuwa k ne: casa (gida), cosa (abu). Kalmar cucina (ɗakin girki) ta haɗa duka biyun, ku-ci-na. Haka g yake: gaban e da i ya zama j irin ta Kano, gaban sauran wasula ya tsaya a g. Wanda ya taso da j ta yamma mai laushi ya ƙarfafa ta, harshe ya fara taɓa dasashi kafin iska ta fita. Shi h ba shi da sauti ko kaɗan. Aikinsa ya mayar da c da g kan k da g a gaban e da i: che ke ne, chi ki ne, spaghetti kuma da g ta "gero". A farkon kalma ma shiru yake, don haka hanno (suna da) da anno (shekara) furucinsu ɗaya. Sc gaban e ko i sh ne, pesce (kifi). Gn ya yi kusa da ny, gli kuma ya yi kusa da ly, amma kowannensu motsin harshe ɗaya ne, tsakiyar harshe ta manne da ganɗa.

Bayan zagaye sai soke. Akwai i da ba wasali ba ce, alama ce kawai da aka ajiye don c, g, sc ko gl su yi laushi a gaban a, o, u. Ita nake sokewa da fensir. A giorno (rana) ba a jin i, jor-no ake cewa. A sciopero (yajin aiki) sho-pe-ro. A figlio (ɗa), Foggia, Brescia, duk haka. Takardar izinin zama, permesso di soggiorno, nan ne aka fi jin wannan kuskure: mutum ya ce "sojiyorno", ya ƙara gaɓa ɗaya da ba ta nan, ya kuma zubar da ƙarfin j ɗin. Soj-jor-no ne, gaɓa uku.

Yanzu wasulan da suka rage su ne na gaskiya, sai a ƙirga su, domin kowace gaɓa wasali ɗaya ne tsakiyarta. Matsalar tana wurin da wasali biyu suka haɗu. Idan ɗaya daga cikinsu i ne ko u, kuma ba a danna murya a kansa, to ya narke ya zama y ko w, gaɓar ɗaya ce. Piede (ƙafa) pye-de, uomo (mutum) wo-mo, chiave (makulli) kya-ve, questo (wannan) da kw ta "kwano", guerra (yaƙi) da gw ta "gwani". Idan i ko u ɗin ne a baya, sai ya fito kamar ai da au namu: mai, poi, cau-sa. Har uku sukan taru a gaɓa ɗaya, miei (nawa), tuoi (naka). Amma idan a, e, o ne suka haɗu a junansu, kowa gaɓarsa daban: pa-e-se (ƙasa ko ƙauye), po-e-ta, a-e-re-o (jirgin sama) mai gaɓa huɗu. Haka idan dannin ya sauka kan i ko u ɗin: vi-a (titi), zi-o (kawu), pa-u-ra (tsoro).

Nan rubutu yake yaudara ƙwarai. Camicia (riga) da farmacia (kantin magani) ƙarshensu iri ɗaya ne a takarda, amma ta farko ca-MI-cia ce, gaɓa uku, i ɗin ƙarshe alama ce kawai, ta biyu kuwa far-ma-CI-a, gaɓa huɗu. Venezia Ve-NE-zia ce, polizia kuwa po-li-ZI-a. Ba wata ƙa'ida ta ido da za ta raba su, ƙamus nake buɗewa. Duk ƙamus na kirki yana sa alama kan wasalin da ake dannawa, kuma akwai ƙamus na musamman kan rubutu da furuci da gidan rediyo da talabijin na ƙasar, RAI, ya fara fitarwa a 1969, ana kiransa DOP, yana kan intanet da murya.

Kuma ko da an raba wasulan daidai, bakin Bahaushe yana da wata ɗabi'a. Hausa ba ta yarda wasali biyu su jeru ba tare da hamza a tsakani ba, kamar a sa'a da jama'a. Italiyanci ba shi da wannan hamzar. Paese ba "pa'ese" ba ce. Murya ba ta yankewa, baki ne kawai yake sauya siffa daga a zuwa e iska na ci gaba da fita. In dole sai an yi kuskure, gara a ji 'yar y siririya a via da a ji maƙogwaro ya rufe.

Yankan baƙaƙe ya fi sauƙi, ba ya cin lokaci. Baƙi ɗaya tsakanin wasali biyu na gaba yake bi: a-mi-co, do-ma-ni. Baƙi biyu iri ɗaya a raba su, ɗaya nan ɗaya can: fat-to, mam-ma, bel-lo, kuma cq ma cikinsu yake, ac-qua (ruwa), wato ak-kwa. Idan l, m, n ko r ne ya zo gaban wani baƙi, ya tsaya ya rufe gaɓar baya: al-to, cam-po, den-te, por-ta. Idan kuwa l ko r ne a baya, wani baƙi na gabansa, tare suke tafiya: li-bro, pa-dre, a-pri-le, ci-clo. Baƙi uku, yawanci na farko ya tsaya baya, biyun su wuce: sem-pre, al-tro, in-gle-se. Haɗin da ba kalmar Italiyanci ta asali da take farawa da shi, irin na kalmomin ilimi da aka aro daga Girkanci, a raba shi: tec-ni-ca, rit-mo. Waɗanda na zagaye tun farko ba a taɓa su: ba-gno, fi-glio, pe-sce, an-che.

Sai s mai baƙi a bayanta, wadda ta cancanci a tsaya a kanta. A makaranta, da wurin yanka kalma a ƙarshen layi, ƙa'ida ita ce s ta bi gaba: pa-sta, fe-sta, que-stu-ra, o-spe-da-le. Wanda zai rubuta jarrabawa haka zai rubuta. Amma baki ba haka yake yi ba. Mutumin Italiya pas-ta yake cewa, kuma shaidar ita ce a ɗin farko gajere ne, irin na rufaffiyar gaɓa. Ni layi biyu nake ja, na rubutu a sama, na baki a ƙasa, kuma na ƙasan nake bi wajen magana, don ya dace da abin da harshenmu ya saba a fuska da iska da kaska.

Wannan yana warware wata babbar wahala. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu, shi ya sa muka mayar da kalmomin aro burodi da firamare da sitiyari. Idan aka bar baki da halinsa, strada (hanya) za ta koma "sitirada", gaɓa huɗu maimakon biyu, kuma mai saurare ba zai gane ta ba, don yawan gaɓoɓi da wurin danni su ne abin da kunnensa yake kamawa da farko. Dabarar ita ce kada a koyi irin waɗannan kalmomi su kaɗai, a koye su da ɗan harafin da ke gabansu, a jingina s ɗin da shi: la strada, las-tra-da, lo studente, los-tu-den-te, la scuola, las-kwo-la. Ba ƙirƙira ba ce. Harshen da kansa ya ƙi sa il gaban irin wannan s, lo yake sawa, saboda s ɗin tana bukatar wasalin da za ta jingina da shi. A tsohon rubutu har i suke ƙarawa bayan baƙi, kuma ragowarsa tana nan a per iscritto (a rubuce). Idan las-tra-da ta zauna a baki, sai a riƙa rage la ɗin har ya ɓace. Tr da pr da br kuwa tafi nake amfani da shi: treno tafi biyu, prego biyu, scrivere uku. Duk lokacin da hannu ya nemi ƙara tafi, wasalin da ba a rubuta ba ya kutso.

Sai a nemi wurin danni. Hausa da karin sauti take aiki, kowace gaɓa da nata, sama ko ƙasa. Italiyanci gaɓa ɗaya yake zaɓa a kalma, ya ƙara mata ƙarfi da tsawo, sauran su bi ta da sauri. Ɗaga murya sama kawai bai wadatar ba, sai gaɓar ta fi 'yan uwanta daɗewa. Yawancin kalmomi a gaɓa ta biyun ƙarshe suke da shi, su ake kira piane: a-MI-co, la-VO-ro, re-si-DEN-za. Waɗanda suke da shi a gaɓar ƙarshe, tronche, rubutu yana taimako, dole a sa musu alama: città, caffè, perché, lunedì har zuwa venerdì. Alamar ba ado ba ce. Papa Fafaroma ne, papà baba. Parlo ina magana, parlò ya yi magana. Pero bishiya ce, però amma.

Masu wahalar su ne sdrucciole, masu danni a gaɓa ta uku daga ƙarshe, don ba alamar da ake sa musu a rubutun yau da kullum, ga su da yawa cikin kalmomin da ake bukata kowace rana: CO-di-ce na codice fiscale (lambar haraji), TES-se-ra, a-NA-gra-fe, ME-di-co, TA-vo-lo, te-LE-fo-no, SA-ba-to, do-ME-ni-ca, da garuruwa irin NA-po-li, GE-no-va, PA-do-va, BER-ga-mo. Lambobi daga 11 zuwa 16 duk haka suke: UN-di-ci, DO-di-ci, TRE-di-ci, quat-TOR-di-ci, QUIN-di-ci, SE-di-ci.

A nan yankan da aka yi yake biyan wahalarsa. Nakan dubi gaɓa ta biyun ƙarshe. In rufaffiya ce, wato baƙi ne ya ƙare ta, kusan kullum dannin nata ne: bi-GLIET-to, per-MES-so, ap-pun-ta-MEN-to. Kalmomin da suka saɓa ba su da yawa, ana haddace su: MAN-dor-la, PO-liz-za, TA-ran-to, O-tran-to. In kuwa buɗaɗɗiya ce, to shakka ta shigo, sai in dubi ƙarshen kalmar. Masu ƙarewa da -bile, -issimo, -evole, -udine, -logo, -metro suna mayar da danni baya: pos-SI-bi-le, bel-LIS-si-mo, chi-LO-me-tro. Masu -ico galibi haka, PRA-ti-co, sai dai a-MI-co da an-TI-co sun ƙi. Aikatau na jam'i, "suna yin kaza", danninsa yana zama inda yake a tilo: PAR-la, PAR-la-no, la-VO-ra, la-VO-ra-no, A-bi-ta, A-bi-ta-no, wanda ya kai har gaɓa ta huɗu daga ƙarshe. Cewa "parLAno" yana daga kurakuran da suka fi daɗewa a bakin baƙo. Aikatau masu -ere gida biyu ne, PREN-de-re, LEG-ge-re, SCRI-ve-re a ɗaya, a-VE-re, ve-DE-re, sa-PE-re a ɗaya, kowanne sai a koye shi da danninsa. Akwai kuma tagwaye da ma'ana kaɗai take raba su: an-CO-ra (har yanzu) da AN-co-ra (ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa), SU-bi-to (nan take) da su-BI-to (abin da aka sha na wahala).

Da an san gaɓa an san danni, tsawon wasali ya fito da kansa, ba sai an tambayi kowa ba. Wasalin da aka danna, a buɗaɗɗiyar gaɓa da ba ta ƙarshe ba, dogo ne. A rufaffiyar gaɓa gajere ne. Wanda ba a danna ba gajere ne. Na ƙarshen kalma ma gajere ne ko da an danna shi, città a datse take ƙarewa. Wannan na ƙarshen a kula da shi, tunda sunayen Hausa da yawa da dogon wasali suke ƙarewa, baki kuma yakan so ya ja.

Baƙi mai shadda, wanda su suke kira doppia, shi ne inda mutanen ƙasashe da dama suke shan wuya, mu kuwa gado muka yi. Wanda yake raba baba da babba, ko mana da manna, ya riga ya iya. Dubi baba da babba da kyau: a ta farko a ɗin dogo ne b ɗaya, a ta biyu a ɗin ya gajarce b ya yi nauyi. Haka fato da fatto suke, ba bambanci. Haka sete (ƙishirwa) da sette (bakwai), nono (na tara) da nonno (kaka namiji), caro (mai tsada) da carro (amalanke), capello (gashi) da cappello (hula), pena (wahala) da penna (alƙalami). Anno kuwa a riƙe n ɗinta da kyau, domin da n ɗaya sunan dubura ne, kuma tambayar shekarun mutum da ita ake yi. Abin da yakan ɓata mana ba rashin iyawa ba ne, karatun boko ne da ya saba mana da ganin baƙi biyu a Turanci muna furta ɗaya. Akwai kuma shaddar da ba a rubutawa: gn, gl, sc da z tsakanin wasula a daidaitaccen furuci kullum masu nauyi ne. Bagno ban-nyo, pesce pesh-she, grazie grat-tsye, stazione stat-tsyo-ne. Mutanen arewacin Italiya sukan sassauta su, amma daga Firenze zuwa kudu haka za a ji.

Wani abin da ba a cika faɗa wa Bahaushe ba: e da o a rufaffiyar gaɓa. A Hausa sukan zame su koma wajen a, shi ya sa a jam'in zobe wani lokaci ake jin zobba, wani lokaci zabba. In aka kai wannan Italiyanci, notte (dare) ta zama "natte", sette ta zama "satte". Leɓe ya zauna a zagaye har a gama o, e kuma ta tsaya a e. Game da bambancin buɗaɗɗiyar e da rufaffiya, da na o, wanda ya sa wasulan furuci suka zama bakwai alhali na rubutu biyar ne, kamar pèsca ('ya'yan itace) da pésca (kamun kifi), ban cika ɓata lokaci a kansa ba da farko. Su kansu mutanen Milano da na Roma da na Palermo ba su daidaita a kai ba, kuma suna fahimtar juna.

P da f da v kam ba a yi musu sakaci. Namu f da leɓe biyu ake yin sa, wani lokaci ya fito kamar p, v kuwa ba mu da shi. A can, in an haɗa da b, sautuka huɗu ne daban-daban, kuma suna raba kalmomi: pino da fino da vino, patto da fatto, basta da vasta, foglia (ganye) da voglia (sha'awa). Ga f da v haƙoran sama su hau leɓen ƙasa, iska na fita ba yankewa. Ga p da b leɓe biyu su rufe ruf sannan su buɗe. Madubi ya fi kunne amfani a nan: in ba a ga haƙora ba, ba f ba ce, ba v ba ce. Z ma tarko ce. Ba z ɗinmu ba ce, t da s ne a manne, pizza, ko d da z, zero, mezzo. Kada a ɗauko ts ta "tsaya", tamu da maƙogwaro a rufe ake harbo ta, tasu da iskar huhu kawai. R kuwa a ɗauki mai kaɗawa ta tara (9) da barka, ba ta ruwa ba. Rr a daɗe ana kaɗawa.

Abu na ƙarshe shi ne in goge tazarar da ke tsakanin kalmomi, in sake yanka jimlar kamar kalma ɗaya, don haka ake faɗin ta. Baƙin ƙarshen kalma yana tsallakawa ya kama wasalin gaba: un amico u-na-mi-co, per esempio pe-re-sem-pio, dell'acqua del-lak-kwa. A nan n ɗin un da con da non ta zama n ta kan harshe, ba irin ta ƙarshen "nan" da "can" da ake yi da bayan harshe ba, kuma ba hamza kafin wasalin. Sannan bayan kalmomi masu danni a ƙarshe, da wasu gajeru irin a, e, è, da, tre, baƙin farkon kalmar gaba yana samun shadda: a casa ak-ka-sa, è vero ev-ve-ro, tre cani trek-ka-ni. Wanda ya saba jin Basakkwace yana cewa "rigas sarki" ya san irin wannan haɗiyewar. A tsakiyar ƙasar da kudu dole ne a ji ta, a arewa ba kasafai ba, kuma rubutu ya adana ta a kalmomin da suka manne: soprattutto, davvero, chissà.

Ga jimla guda da aka bi da ita duk matakan: Ho un appuntamento in questura venerdì alle undici e mezza, wato ina da alƙawarin ganawa a ofishin 'yan sanda ranar Juma'a ƙarfe sha ɗaya da rabi. H ta fita. N ɗin un ta tsallaka, u-nap-pun-ta-MEN-to, p mai shadda, e ta tsaya a e cikin men. In questura ya zama in-kwes-TU-ra, s ta koma baya, u dogo. Ve-ner-DI da haƙora kan leɓe, ƙarshen a datse. Al-le-UN-di-ci, danni a kan un, ba hamza tsakanin le da un. E mezza em-MED-dza. Wurin da aka fi zamewa a wannan jimla undici ne: in danni ya koma kan di, sai ta yi kama da un dieci, mai saurare ya sake tambayar ƙarfe nawa aka ce.